Ladubban Magana Tsakanin Ma'aikatan Lafiya da Jama'a



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta, ya sanya lafiya ta zama jarin da bawa ke bauta da shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda sunka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu a Tebaram da ƙauyukanta, da Takanamat, da Afala, da Bagarwa, da cikin birnin Tawa, da ƴan'uwanmu makiyaya da ke bakin rijiyoyi, barkanmu da shan ruwa. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Karatunmu na wannan dare yana kan wasu bayin Allah da muke gani kullum, amma ba kasafai ake ambatonsu a kan mumbari ba. Su ne ƙananan ma'aikatan lafiya: wanda ke riƙe da ƙaramar likitar ƙauye, da ungozomar da ke taimakon mata a ɗakin haihuwa, da masu awon yara, da ƴan sa-kai da gari ya zaɓa daga cikin ƴaƴansa, waɗanda ake ce wa rele, suna bin gida-gida da littafi da ƙwayoyin magani. Ba su fiɗa, ba su da manyan na'urori. Mafi yawan aikinsu da baki suke yin shi. Su ce wa uwa ga yadda za ta shayar, su ce wa maigida lokacin awon matarsa ya yi, su ce wa kaka a bar wancan jiƙon. In maganar ta shiga, yaro ya rayu da izinin Allah. In ta faɗi ƙasa, ko don mai faɗa ya munana faɗi, ko don mai ji ya toshe kunne, sai a wayi gari ana haƙa ɗan ƙaramin kabari. To, abin da rai ke rataye da shi ya cancanci a nemo masa hukunci da ladabi a cikin addini.

Mu fara da asali. Neman magani ba ya karya tawakkali. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa wani mutum ya ji rauni a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, sai aka kira mutum biyu daga ƙabilar Banu Anmar, Manzon Allah ya tambaye su wanne ne ya fi sanin magani a cikinsu. Ku dubi wannan. Wanda wahayi ke sauka gare shi yana neman wanda ya fi ƙwarewa a aikin jinya. Haka kuma a shekara ta 5 bayan Hijira, da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙu, a cikin hemar wata mace aka kwantar da shi, Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ke jinyar masu rauni a masallacin Madina. Saboda haka ɗiyarmu da ke wanke miki a likita tana da magabaciya a cikin sahabbai.

Sa'annan ga ƙissar Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Ya nufi Sham, ya iso wani wuri da ake kira Sarga, aka gaya masa annoba ta sauka a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Sai Umar ya buga masa misalin da kowane makiyayi a ƙasar Adar zai gane: mai raƙuma ne ya sauka wani kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa, ɗaya ƙeƙasasshe. Duk gefen da ya kora dabbobinsa, a cikin ƙaddarar Allah yake tafiya, amma mai hankali ya san inda zai kora. Wanda ya ɗaura wa ƴaƴansa sange da wanda ya bar su ga sauro, dukansu suna ƙarƙashin ƙaddara. Sai dai tambayar da za a yi musu gobe ƙiyama ba ɗaya ba ce.

Ko a ƙasarmu ta Hausa, isar da ilimi gida-gida tsohuwar hanya ce. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta zaɓi dattijan mata amintattu ta naɗa su jajji, suna jagorancin ƴan taru, suna ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa matan ƙauyuka har cikin ɗakunansu. Ta san mace ta fi sakin jiki da ƴar'uwarta mace, ta san kuma baƙon da ya zo da harshen gida ba a rufe masa ƙofa. Ita da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello duk sun yi rubutu a kan magani. Don haka kada wani ya ce mana sha'anin lafiya baƙon abu ne ga malamai.

Yanzu bari in kawo muku hujjar da idanunmu sunka gani. Dattawa daga cikinku sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan tabki, bayan kamar shekara guda tsutsa ta huda ƙafarsa, tsawonta ya kusa mita, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, kuma sau da yawa daidai lokacin noma take kwantar da shi. A ƙidayar da aka yi a 1991, an sami sama da mutum 30,000 masu kurkunu a Nijar. Wannan cuta ba ta da ƙwayar da ke kashe ta a jiki, ba ta da allurar rigakafi. Da me aka yaƙe ta? Da haƙa rijiyoyi, da zuba magani a tabkuna, amma ginshiƙin aikin shi ne mutum guda a kowane ƙauye yana faɗin abu biyu safe da maraice: a tace ruwa da ƙyalle kafin a sha, mai kurkunu kada ya tsoma ƙafarsa cikin ruwan da jama'a ke ɗiba. Mutane sunka ji, sunka yi aiki da shi. A 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da kurkunu. Yau ƴaƴanmu sai a baki suke jin sunansa.

Ga hujja ta biyu. Tun daga 2001, zamanin shugaba Tanja Mamadu, anka shiga gina ƙananan likitocin ƙauye, har sunka kai wajen 2,000 a faɗin ƙasa, kuma a 2006 anka yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da kuɗin awon ciki. Masu bincike sun ƙididdige cewa a 1998, cikin yara 1,000 da anka haifa, 226 ba su kai shekara 5 ba. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Rai da ajali na Allah ne, amma shi ne ya sanya sababi, kuma cikin sababin akwai waɗannan ma'aikata da muke wuce su ba mu ko gaishe su.

Akwai kuma hujjar da ke nuna abin da ke faruwa in amana ta yanke. A 2003 wasu jihohin arewacin Najeriya sun dakatar da ɗigon shan inna saboda zargin da ya yaɗu a kansa. Kano ba ta koma ba sai tsakiyar 2004. Cikin wannan tsakani cutar ta tsallaka iyakoki, ta gurgunta yara a ƙasashen da sunka riga sunka rabu da ita. Abin bai gyaru da tsawa ba. Sai da sarakuna da malamai sunka shiga, anka zauna, anka amsa tambayoyin mutane, anka sa matan unguwa cikin aikin. A ranar 25 ga watan Agusta na 2020 anka shelanta cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Ɗigon da kuke gani har yanzu, don wani nau'inta ne da ke ɓulla a inda yara ba su sami rigakafi ba.

To, tunda magana tana da wannan nauyi, bari in fara da ku, ƴaƴana ma'aikatan lafiya. Ku yi haƙuri da nasihar uba.

Abu na farko, ku shiga gida ta ƙofarsa. Ku yi sallama, ku jira izini, ku gaida maigida, ku durƙusa ku gaida tsohuwa, ku tambayi lafiyar iyali da dabbobi, sa'annan ku fito da abin da ya kawo ku. Kada ku ɗauki gaisuwa ɓata lokaci. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tsohuwar da kinka kira Inna kinka zauna kusa da ita, ita ce gobe za ta tsare miki jikanta ya sha magani. Wadda kinka tsallake kinka nufi surukarta kai tsaye, da kin juya baya za ta warware duk abin da kinka ƙulla.

Na biyu, ku yi tambaya kafin ku ba da umurni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka tarar da yaro ya rame, ka ɗaura masa ma'aunin nan na damtse ya nuna ja, wato bai kai santimita 11 da rabi ba, kada kalmarka ta farko ta zama zargi. Tambayi uwar: me ya ci jiya? Ya yi zawo? An yaye shi ne? Ina maigidan? Wataƙila rumbu ya ƙare tun kafin bazara, mijin yana Abijan ko Libiya wurin biɗa, aike bai iso ba, ita ke zuwa rijiya, ita ke daka, ita ke icce. In ka ce wa wannan ta riƙa ba shi ƙwai da nama, ka yi mata ba'a ba ka sani ba. Dubi abin da ke cikin gidanta: garin hatsi, ɗan wake, ƙuli-ƙuli, ganyen zogale, nonon akuya. Da su za ka koya mata kyautata kunu, bayan ka tura ta inda ake jinyar tamowa.

Na uku, ku tausasa harshe. Allah ya aiki Annabi Musa da ɗan'uwansa Haruna wurin Fir'auna, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha, ya umurce su da magana mai taushi. In wanda ya yi da'awar allantaka an ce a yi masa magana da taushi, ina ga baiwar Allah da ta taka tun asuba da yaro a baya? A Suratu Ali Imrana kuma an sanar da Manzon Allah cewa da ya kasance mai kaushin hali, da mutane sun watse daga gare shi. Kun san labarin baƙauyen da ya yi bawali a cikin masallaci. Sahabbai sunka taso masa, Manzon Allah ya hana su, ya sa anka zuba guga na ruwa a wurin, sa'annan ya kira mutumin ya fahimtar da shi a hankali. Koke yana zo mana daga mata cewa akan daka musu tsawa a gaban jama'a don sun zo a makare, ko don karnen awo ya jiƙe, ko don yaro na da dauɗa. Macen da anka kunyata a gaban tsararrakinta ba ta komawa. Za ta haihu a gida, ta sayi ƙwaya wurin mai tebur a kasuwa, kuma za ta gaya wa mata goma. Mun san aikinku da yawa, albashi kaɗan, wasunku ma ɗan ihsani kawai ake ba su, shi ma yakan yi jinkiri. Allah ya san wannan. Amma gajiyarku ba laifin mai naƙuda ba ce.

Na huɗu, ku yi magana da abin da mutane ke ganewa. Buhari ya kawo wannan wasiyya daga Sayyidina Aliyu. Ku bar Faransanci a littafin rajista. Mai jin Hausa a yi masa da Hausa, Buzu da Bafillace a nemo mai jin harshensu, kuma in mace ce a nemo mata mace. Ku auna da abin da ke hannunta: wannan ƙunshin garin gishiri da sukari, a cikin ruwa mai tsabta lita guda, ga kwanon da ya yi daidai da lita. Ƙwayar zawo ta zinki kwana 10 ake ba da ita, ko da zawon ya tsaya a kwana na biyu. Lokacin magani ku ɗaura shi a kan salloli, bayan asuba, bayan magariba, don babu gidan da ba a san su ba. Kada ku jibga mata abu goma a zama ɗaya. Ku faɗi biyu, ku ce ta maimaita muku. In ta ce to, kada ku ɗauka ta gane, don a wurinmu ana cewa to saboda ladabi.

Ku san kunyarmu kuma. Akwai uwar da ba ta ambaton sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Akwai amaryar da ba ta iya cewa tana da ciki a gaban uwar mijinta. Wanda bai san haka ba sai ya ce rashin kula ne. Ku ja ta gefe, ku sassauta murya, za ku ji abin da ba ku zata ba.

Na biyar, ku riƙe sirri. Abin da kunka gani a jikin mutum ko kunka ji daga bakinsa amana ne. Rele ɗan gari ne, yana zama a majalisa, matarsa na zuwa rijiya. Ranar da anka ji ciwon wance a bakin rijiya, ranar aikinsa ya mutu, kuma ya haɗa zunubi biyu: cin amana da cin naman ɗan'uwa.

Na shida, ku san iyakar saninku. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mutum ya sami rotse a kai a cikin tafiya, janaba ta same shi, ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da sauƙin yin taimama, sunka ce ba shi da shi. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya iso ga Manzon Allah ya yi fushi, ya ɗora musu alhakin ransa, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Wannan hadisi ya hau kan malami, ya hau kan ma'aikacin lafiya. In abu ya fi ƙarfinka, ka tura shi gaba, zuwa babbar likitar Tebaram, ko Tawa inda akwai asibitin jiha da cibiyar uwa da ɗa. Kuma abin da hukuma ta ce kyauta ne, kada ka karɓi ko dala a kansa. In magani ya ƙare, ka faɗi gaskiya cewa ya ƙare.

Yanzu na juyo gare ku, iyayen gida, maza da mata.

Na san abin da wasunku ke faɗi a majalisa. Suna cewa: in yaro na zazzaɓi munka je likita, wani lokaci a ce magani ya ƙare a rubuta mana takarda mu saya, amma ɗigo har gida ake kawo shi ba mu roƙa ba. Wannan tambaya ce ta mai hankali, kuma hukuma ya kamata ta ji ta, ta cika alkawarin da ta ɗauka. Amma ku gane dalili. Cuta mai yaɗuwa kamar gobara take a cikin dangar kara: ba a kashe ta a gida ɗaya a bar na maƙwabci, shi ya sa ake bin kowane gida. In kana da fushi da hukuma, ka kai kukanka wurin maigari da magajin gari. Kada ka rama a jikin ɗanka.

Ku faɗa wa ma'aikaci gaskiya. In an ba yaro jiƙo, ku ce an ba shi. In wanzami ya cire masa beli, ku faɗa. In kwana huɗu yana zazzaɓi, kada ku ce jiya ya fara don gudun faɗa. A kan amsarku yake gina maganinsa, kuma ƙarya a cikin azumi kun san abin da take yi wa lada.

Ku cika abin da anka ce muku. Tun 2013 anka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijar, ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata a cikin damina. Ranar farko a gaban ma'aikaci yaro ke sha, na kwana biyun da sunka rage a hannun uwa ake bari. Wasu sai su ɓoye shi a ƙasan akwati, wai sai yaro ya kwanta, wasu su raba wa yayyensa. Wanda ya yi haka kamar mai shinge ne da ya kewaye gefe ɗaya na garka ya bar biyu a buɗe. Sangen da anka raba don yara da masu ciki ne, kada a mai da shi rufin irin albasa ko igiyar ɗaurin kara. Abincin nan na gyaɗa da madara da ake ba yaro mai tamowa magani ne, an auna shi daidai da nauyinsa. Wanda ya kai shi kasuwa, ko maigidan da ya shafa shi a burodi da sahur, ya ci haƙƙin marar ƙarfi wanda ba ya iya kai ƙara sai wurin Allah.

Iyayenmu mata, kakanni, kun yi goyo tun ba a haifi waɗannan ma'aikata ba, kuma ba mai raina saninku. Amma ku tuna ƴaƴa nawa kowaccenku ta rufe. In sunka ce a ba jariri dakashi, wato nonon farko, kada a zubar, ku karɓa, don yana ɗauke da kariyar da Allah ya tanadar masa. In sunka ce nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ba shi, na san abin na da wuya a kunne cikin zafin ƙasarmu. Amma mafi yawan nono ruwa ne, kuma ruwan randa shi ke shigar wa jariri da zawo. Uwar za a ba ruwa da fura ta ƙoshi. Allah da kansa ya ambaci shekara biyu na shayarwa a Suratul Baƙara.

Ku kuma magidanta, ku ji wannan da kyau. Ƙasarmu ƙasar biɗa ce. Da an gama girbi sai gari ya koma na mata da tsofaffi da yara. Mace ba ta fita sai da izinin mijinta, wannan ladabi ne da muke koyarwa. To, amma wanda zai yi tafiya, wajibi ne ya bar izini a bayansa. Ya tara matarsa da mahaifiyarsa da ƙanensa ya ce: in ciwo ya zo, ko naƙuda, ko ranar awo da allurar yara, na yarda a tafi, kada a jira ni. Ya ajiye kuɗin amalanke ko na babur da sunan wannan. Sau nawa ake kwana ana neman maigida a salula, layi ba ya shiga, mace na zubar da jini? Ga alamun da ba a kwana da su. Ga yaro: ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa na sauri haƙarƙari na lotsawa. Ga mai ciki: jini, ko matsanancin ciwon kai da kumburin fuska, ko jijjiga, ko naƙudar da ta wuce yini guda. Doguwar naƙuda ita ke kashe ɗa a ciki, ta bar uwa da yoyon fitsari. A lokacin zafi kuma, zazzaɓi da sanƙarewar wuya sai a yi maza, don sanƙarau ba ya jira.

Tunda muna cikin watan azumi, ga mas'alolin da ake yawan tambaya. Allah ya yi wa marar lafiya rangwame ya sha ya rama, ya kuma bayyana cewa sauƙi yake nufi da mu. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya ji tsoron ciwonsa zai ƙaru ko warkewa ta yi jinkiri, ya halatta ya sha. Wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa, kamar yadda Shehu Halilu ya tabbatar a Muhtasar. Mai ciki in ta ji tsoro ga kanta ko ga abin da ke cikinta, ta sha ta rama, babu ciyarwa a kanta a zance mafi shahara. Mai shayarwa in ta ji tsoro ga ɗanta, babu kuma wadda za ta shayar mata, ta sha, ta rama, ta ciyar da mudun Annabi a madadin kowace rana. Tsohon da ba ya iyawa ya sha, an so ya ciyar. Ɗigon jinin da ake ɗiba a yatsa don gwajin zazzaɓi ko sukari ba ya karya azumi, kuma mafi yawan malaman wannan zamani sun tafi a kan cewa allurar da ake yi a tsoka, wadda ba ta abinci ba, ba ta karya shi. Mai ciwon sukari da mai hawan jini da mai shan maganin tarin fuka, kada ɗayanku ya canza lokacin maganinsa da ra'ayinsa. Ku je a tsara muku.

A nan akwai rabon aiki. Ma'aikacin lafiya kada ya ce wa dattijo kai tsaye ya sha azumi, kamar yana ba da fatawa, don zai ji an taɓa addininsa ya ƙi. Ya bayyana masa abin da azumin zai yi wa jikinsa, ya ce ya kai wannan bayani wurin liman. Malami kuma kada ya ce wa mai ciwon sukari ya daure, alhali bai san abin da ke cikin jininsa ba. Likita ya faɗi halin jiki, malami ya faɗi hukunci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƴan'uwana malamai da limamai, mu ake fara kawo wa yaro kafin a kai shi likita. Mu yi masa addu'a, mu yi tofi, wannan sunna ce tabbatacciya. Amma in mun ga jiki ya yi zafi yana jijjiga, mu ce wa uban ya ɗauke shi yanzu, addu'armu na biye da su. Kuma mu tsare harsunanmu daga saƙonnin muryar da ke yawo a WhatsApp, waɗanda ba a san mai su ba, ba a san garinsu ba. Suratul Hujurati ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Mu da ba mu karɓar hadisi sai mun san maruwaitansa, yaya za mu hana yaro rigakafi da maganar wanda ba mu san ko sunansa ba? Wanda ke da shakka ya je wurin manjo ya tambaya, ko mu gayyato shi ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a ya amsa a gaban kowa. Matambayi ba ya ɓata.

Ya Allah, ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ka sauki masu ciki lafiya, ka raya mana ƴaƴanmu a kan Musulunci. Ka saka wa masu jinyarmu da alheri, ka sanya tausayi a zukatansu da taushi a harsunansu, ka sanya albarka a cikin abin da suke samu. Ka maido da matafiyanmu gida lafiya. Ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya da sauran ƙasashen Musulmi. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, ka sanya mu cikin bayin da kake ƴantawa daga wuta a wannan wata.

Gobe in Allah ya kai mu, za mu ɗauki babin zakkar fid da kai. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu.